Tarihin Mizanin da Ake Auna Gwanin Hoki da Shi

Wasan hoki na ƙanƙara, wanda mutanen Kanada suka riƙe shi tamkar gadon kakanni, an fara buga shi bisa tsari cikin ɗaki mai rufi a birnin Montreal ran 3 ga Maris 1875, amma al'adar zama a ƙarshen kaka a auna aikin mutum guda, a ce wane ya fi kowa bana, ba ta kafu sosai ba sai bayan da aka kafa gasar NHL a 1917. A kakar farko Joe Malone ya jefa ƙwallaye 44 cikin wasanni 20, kuma a lokacin lissafin ƙwallaye shi ne babbar hujja. To, a 1924 sai aka fara ba da kofin da Dakta David Hart ya sadaukar, bisa sharaɗin a miƙa shi ga wanda ya fi amfani ga ƙungiyarsa, Frank Nighbor na Ottawa ya fara karɓa. Daga wannan sharaɗi ne saɓani ya samo asali, domin yawan ci abu ne da ake ƙirgawa, alhali kuwa amfani sai an yi ijtihadi kafin a gane shi.

Babu kakar da ta fito da wannan saɓani sarari kamar ta 1944 zuwa 1945, sa'ad da Maurice Richard na Montreal ya ci ƙwallaye 50 cikin wasanni 50, abin da ba a taɓa gani ba, amma da masu zaɓe suka zauna sai suka ba abokin wasansa Elmer Lach kofin Hart, saboda shi ne mai miƙa masa ƙwallon, ya kuma tara maki 80, 54 daga ciki na taimako ne. Waɗansu ma suka ƙara da cewa ai ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, gwanaye da yawa sun tafi aikin soja, saboda haka Richard bai gamu da tsaransa duka ba. Daga 1948 aka shiga ba wanda ya fi maki kofin Art Ross, watau aka raba abin da lissafi ya tabbatar da abin da ra'ayin masana ya hukunta. Daga baya, a kakar 1967 zuwa 1968, aka shigar da wani ma'auni cikin kundin gasar, inda ake duba ƙwallayen da ƙungiya ta ci da waɗanda aka ci ta lokacin da mutum yake kan ƙanƙara, kuma ta wannan hanya Bobby Orr, mai tsaron baya na Boston, ya kai rarar 124 a kakar 1970 zuwa 1971.

Da Wayne Gretzky ya zo ya ci ƙwallaye 92 da maki 212 a kakar 1981 zuwa 1982, ba wanda ya yi jayayya da fifikonsa, sai dai masu zurfin nazari sun lura cewa a wannan zamani ana cin kusan ƙwallaye takwas a kowane wasa, saboda haka wanda zai gwada shi da mutanen dā ko na baya, wajibi ne ya tuna mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. A 1989 kuwa Mario Lemieux ya tara maki 199, Gretzky yana da 168, amma Gretzky aka ba kofin Hart, don ya ɗaga ƙungiyar Los Angeles daga ƙasƙanci.

Ana cikin haka wata al'ada ta tsiro a Amurka, ta kwaikwayon gasa a kan tebur. Kamfanin APBA ya fara da wasan besbol a 1951, Hal Richman ya biyo baya da Strat-O-Matic a 1961, kamfaninsa ya fitar da na hoki a 1978. Kowane ɗan wasa yana da katinsa wanda aka tsara daga alƙaluman kakarsa ta hakika, a jefa ɗan ludo, a duba kati, a rubuta abin da ya auku. Da kwamfuta ta yaɗu sai ta karɓi aikin ɗan ludo, har wani mutumin Finland, Risto Remes, ya fitar da Eastside Hockey Manager a 2001, sa'an nan jama'a suka kafa gasanni ta intanet inda mutum zai ƙirƙiro ɗan wasan da bai taɓa rayuwa ba, ya yi ta ƙara masa ƙwarewa kaka bayan kaka, na'ura ta buga wasannin, a ƙarshe membobi su yi zaɓen gwani kamar yadda ake yi a NHL.

Mai hankali zai zaci a nan gardama ta ƙare, tun da yake babu abin da ke ɓoye wa na'ura, kowane bugu da kowace daƙiƙa a rubuce suke. Amma sai ga tambayoyin 1945 sun dawo ba tare da an rage ko ɗaya ba. Ana tambaya su wa aka haɗa ɗan wasan da su a sahu, minti nawa aka ba shi, nawa ya ci sa'ad da abokan gaba suke da ƙarancin mutum saboda horo, kuma ko an sauya saitin na'urar a wannan kaka har ci ya yi arha ga kowa. Abu guda ne gasar kwaikwayo ta fi ta hakika da shi, shi ne ana iya maimaita kaka ɗaya da mutane ɗaya, a ga sakamako ya bambanta, wanda ya nuna rabon sa'a cikin kowace bajinta ya fi yadda masu yabo suke so su yarda. Saboda haka wanda aka ɗora wa hukunci a kan fitacciyar kaka, ko ta ƙanƙara ce ko ta na'ura, adalci shi ne ya karɓi alƙaluma a matsayin shaidu, ya yi kiyasinsu da na tsaran mutumin a wannan shekara, ya binciki abokan sahunsa da damar da aka ba shi, sa'an nan ya faɗi ra'ayinsa, yana sane da cewa wani mai ilmi kamarsa yana iya duba shaidun nan ya zaɓi wani dabam.