Burtalin Jiragen Sama da Shan Mai

Idan ka kwana a waje da rani a Dakoro, mai yiwuwa ka hangi fitilar jirgi tana ratsa sama da tsakar dare. Ka sani ba inda ya ga dama yake bi ba. Kamar yadda makiyayi ke bin burtali da dabbobinsa, haka jirgi ke da hanyar da aka shata masa. Hukumar da ke kula da hanyoyin samaniyar Nijar ita ce ASECNA, wadda aka kafa a 1959, kuma daga Yamai ma'aikatanta ke magana da matuƙa.

A da, hanyoyin suna bin na'urorin rediyo da aka kakkafa a ƙasa, daga wannan zuwa waccan, saboda haka sukan yi kwana-kwana. Yanzu tauraron ɗan Adam na nuna wa matuƙi inda yake, ana iya miƙar da hanya. Kowane kilo na man jirgi da aka ƙona yana fitar da sama da kilo 3 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma kuɗin man yana cikin tikitin da alhaji ko ɗan kasuwa ke biya.

Tsawo ma yana da nasa tasiri, abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Jirgi ya fi shan mai kaɗan can sama, inda iska ba ta da kauri, amma idan wani ya riga shi hawa matakin da ya dace, dole ya bi ta ƙasa. A watan Satumba na 2008 aka rage tazarar da ke tsakanin jirgi da wanda ke bisansa a samaniyar Afirka, daga kimanin mita 600 zuwa 300. Wannan ya ƙara matakai 6.

Shekarar 2023 ta nuna darajar hanyar Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an rufe samaniyar ƙasar ranar 6 ga Agusta. Ta Sudan kuwa tana rufe tun Afrilu saboda yaƙi, kamfanoni da yawa kuma suna guje wa ta Libiya. Jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka sai da suka riƙa yin zagaye ta yamma ko ta Bahar Maliya, wasu ma suka sauka a hanya don shan mai, har zuwa 4 ga Satumba da aka sake buɗe ta.