Bindigar Maharbi a Matsayin Kayan Gado a Ƙasar Hausa

Manufar wannan takarda ita ce mu duba yadda bindiga ta tashi daga hannun sarakuna ta koma hannun maharbi, har ta zama abin da uba kan tara kuɗi ya saya da niyyar ya bar wa ɗansa, da kuma irin cikas ɗin da wannan niyya takan ci karo da shi ranar rabon gado.

Kalmar bindiga da ta albarushi duka aro ne daga Larabci, wanda ke nuna mana hanyar da abin ya fara biyowa. Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743), ya kuma nuna cewa Babba Zaki (1768-1776) ne ya kafa rundunar 'yan bindiga don tsaron kansa. A ƙarni na 19 ma, kamar yadda Smaldone ya bayyana a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, bayin sarki ne galibi ke riƙe da bindigogi. Wato a wancan zamani bindiga kayan fada ce. Abin da maharbi ke bar wa ɗansa shi ne kwari da baka, da sirrin haɗa dafi, da layu, da sanin daji.

Yarjejeniyar Barasal ta 1890 ta hana shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan ƙasashen Afirka, amma ta ƙyale bindigar ƙanƙara da albarushinta. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, rundunonin sarakuna suka watse, sai wannan tsohuwar bindiga, wadda muke kira adaka ko bindigar toka, ta sami sabon ubangida. Maƙera suka ƙware wajen gyara ta, daga baya ma wajen ƙera ta. Ba a banza aka yi mata laƙabi da harba-ka-ruga ba, domin kafin a sake ɗura mata albarushi ɓauna ta iso. Duk da haka tana da abin da baka ba shi da shi: ƙarfe ce, takan yi ƙarko fiye da mai ita. Daga nan ne sayenta ya zama ajiya. Mai hali kuwa yakan nemi bindiga mai baki biyu ta kanti, wadda darajarta ta fi.

To, a nan ne gizo ke saƙa. A al'adar maharba, bindiga ta ɗan da ya bi uban daji ce, domin shi ya san halinta. Amma a mazhabar Malikiyya duk abin da mamaci ya bari tarika ce, kuma 'ya'ya mata da matan aure da iyaye suna da haƙƙi a cikinta. Bindiga ba ta rabuwa kamar damin gero. Saboda haka sai dai a yi mata kuɗi, a ɗora a kan rabon wanda zai ɗauka, in ta fi rabonsa ya yi wa sauran ciko, ko kuwa a sayar a raba kuɗin. Wasiyya ma ba za ta fisshe shi ba, tun da ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada. Hanya ɗaya da ta rage wa uba ita ce ya yi kyautar tun yana da rai da lafiya, ɗan kuma ya karɓa ya riƙe a hannunsa. In bindigar ta ci gaba da rataya a ɗakin uban har ya cika, kyauta ta ɓaci, ta koma cikin gado. A ganinmu, wannan sharaɗi na karɓa shi ne wurin da masu nazarin al'adun sana'o'i suka fi yin sakaci, alhali shi ke yanke hukunci a gaban alƙali.

Sai kuma hannu na uku ya shigo, wato na gwamnati. Dokar Makamai ta 1959 ta sa wajibi ne mai bindigar farauta ya mallaki lasisi, kuma hatta bindigar toka ta yi mata tanadi na dabam a ƙarƙashin 'yan sanda. Lasisin nan da sunan mutum ɗaya ake ba da shi, ba a kuwa gadonsa. Don haka ɗa zai iya mallakar bindigar ubansa a shari'ance, amma riƙe ta ya zama laifi muddin bai nemi nasa izinin ba.

Dajin ma da aka sayi bindigar dominsa ya ƙuntata. An keɓe Yankari a 1956, sannan Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta haramta harbin wasu dabbobi, ta ɗora izini a kan wasu, noma kuma ya cinye sauran. Jikan da ya gaji adakar da aka saya don gwanki da ɓauna, sau da yawa abin da ya sami harbi da ita shi ne zabon daji da birin da ke ɓarna a gona, sai kuwa ranar hawan salla ya ɗura mata albarushi zalla ya buga a gaban sarki.