Injin Fijo 504, Daga Faransa Zuwa Garejin Kankiya

Duk bakaniken da ya koyi aiki a bakin titin Kano zuwa Katsina kafin shekarar 2000, tun daga Gidan Mutum Ɗaya har cikin Kankiya, a kan injin Fijo hannunsa ya faɗa. Mu ma da shi aka yaye mu. Kuma injin nan da muke kira na 504 ya girmi motar da ke ɗauke da shi.

Tushensa yana cikin Peugeot 203 ta 1948, wadda aka yi wa tof na alminiyam da silif masu cirewa. A 1960 kamfanin ya fito da 404 da sabon inji mai suna XC, mai cin cc 1618, aka kwantar da shi gefe guda da digiri 45 don bonet ya yi ƙasa. Da farko wuri uku ne ke riƙe da kiranshaf, daga baya suka mai da shi biyar, ya ƙara natsuwa da juriya. Da 504 ta zo a 1968, injiniyoyin ba su watsar da abin da ke hannunsu ba. Faɗin silinda suka bari a milimita 84, suka tsawaita tafiyar fistin daga 73 zuwa 81, ya zama cc 1796. A 1970 suka faɗaɗa silindar zuwa 88, aka sami XN mai cc 1971. Shi ne wanda ya fi cika garejinmu bayan kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, a 1975. Shi aka sa wa 505, shi aka juya aka kwantar a gicciye cikin J5.

A ganina duk hikimar injin tana cikin silif. A yawancin injina, ramin da fistin ke kai da kawowa a jikin bulok ɗin aka fafe shi. In ya cinye, sai an kai Kano an yi boring. A Fijo kuwa kowane fistin yana da bututunsa na ƙarfe da ake zurawa cikin bulok, ruwan lagireto na zagaya shi kai tsaye. Direban da ke jigilar fasinja da buhunan gero tsakanin Kusada da Kankiya, in motarsa ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai, zai sayo silif huɗu da fistin da ringi da gasket. A ƙarƙashin darbejiya za mu zare tsofaffin mu zura sababbi, inji ya koma kamar daga kwali. Wanda ya zana wannan ya san wata rana za a buɗe injin a inda babu babban gareji.

Amma silif yana da doka. Ranar farko da maigidana ya bari na kwance tof, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Yaro, in ka ɗaga tof, kada ka kuskura ka juya inji sai ka danne silif." In ka juya, fistin zai ɗago silif ɗin kaɗan, abin da ke toshe ƙasansa ya saki, ruwa ya gangara cikin baƙin mai. Sai an gama ɗauri, an tayar, ka zaro sandar awo ka ga mai ya yi fari. Aikin ya dawo ɗanye ke nan. Haka filogi: suna can cikin zurfin rami a tsakiyar murfi, saboda an yi wa ɗakin ƙonewar mai rufi mai kama da ƙoƙo, bawul na shiga a gefe guda, na fita a ɗaya gefen. Bakaniken da ba shi da dogon sifanan filogi bai shirya taɓa Fijo ba.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Tof ɗin alminiyam ba ya son zafi. A watan Afrilu, da lodi ya wuce kima, ga lagireto da ruwan rijiya ya toshe, gasket kan ƙone, tof ya lanƙwashe. Kabreta kuma tana shan fetur. Turawa sun sami 504 mai famfon Kugelfischer da ke fesa mai, mu kabreta ce rabonmu, kuma gara haka, don ita kowa na iya wanke ta da fetur ya hura jet da baki. Kamshaf ɗin ma sarƙa ke jansa, takan yi ta ƙara tana ba ka sanarwa kafin ta gaza.

Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006. Kafin nan 406 ta shigo da bel da injekta da kwamfuta, Golf da Sharan 'yan kwatano suka kwashe fasinjan Katsina. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ragowar 504 da ke wannan yanki akasari a-kori-kura ne masu ɗaukar hatsi da dabbobi ranar kasuwa. Silif mai kyau ya yi wuya yanzu, don haka in tsohon inji ya mutu ba ma sayar wa 'yan gwangwan sai mun zare nasa mun auna, mun shafa musu mai mun ajiye.