Kayan gyaran mota da ya kamata mai mota ya ajiye a gida

Ba kowace matsala ce take buƙatar a kai mota gareji ba. Sauya taya, duba baƙin mai, ɗaure kan batir da ya saki da gwada iskar taya duk ayyuka ne da mai mota zai iya yi a ƙofar gidansa, muddin yana da kayan da suka dace. Ka'idar saye guda ce: mutum ya fara sanin irin motarsa da aikin da zai iya yi da hannunsa, sannan ya shiga kasuwa.

Sifana da girmanta

Yawancin motocin da ke yawo a titunan Najeriya, musamman ƙirar Japan irin su Toyota da Honda, da milimita ake auna notocinsu. Lambobin da aka fi amfani da su a cikinsu su ne 8, 10, 12, 14, 17 da 19, yayin da motocin Turai kan buƙaci lamba 13 ma. Sifana mai lamba 10 ce takan kwance kan batir, mai lamba 14 kuma ita ce take buɗe notin zubar da baƙin mai a motocin Toyota da dama.

Sifana mai baki zagaye ta fi mai buɗaɗɗen baki riƙe noti, don haka mai baki biyu, ɗaya zagaye ɗaya buɗe, ita ce ta fi amfani. A nemi wadda aka buga wa alamar Cr-V, domin ƙarfenta ya fi juriya. Sifana mai laushin ƙarfe takan cinye gefen noti, daga nan ƙaramin aiki ya koma sai an kira mai walda. A haɗa da sukudireba mai baki faɗi da mai baki giciye, da filaya, da tocila.

Jak da abin tokara

Jak ɗin da ke zuwa tare da mota an ƙera shi ne don sauya taya kawai. Wanda zai shiga ƙarƙashin mota dole ya sa ƙarafan tokara guda biyu masu ɗaukar nauyin tan biyu ko fiye, a ƙasa mai tauri kuma shimfiɗaɗɗiya, bayan ya ja birkin hannu ya kuma tokare tayoyin da ke ƙasa. Bulo da tarin duwatsu ba sa maye gurbinsu, domin bulo kan fashe ba tare da wata alama ba, kuma rai ake magana. A nan ne bai kamata a nemi araha ba. Haka nan a gwada wilsifana a kan notin taya tun a gida: Toyota galibi lamba 21 take ci, Honda kuma 19.

Kayan awo

Gejin iska ƙaramin abu ne mai tsawaita rayuwar taya. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Mitar gwada wuta kuwa tana nuna lafiyar batir: cikakken batir yakan nuna kusan bolt 12.6 idan injin yana kashe, ya haura zuwa wajen 14 idan yana aiki. Wajen cire batir a fara da kan da ke da alamar ragi, wajen mayarwa kuma shi ne na ƙarshe.

Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu amfani da fetur a Turai daga 2001, suna da mahaɗar OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. Ƙaramar na'ura da ake jonawa a wurin tana karanta lambar matsalar da ta kunna fitilar injin, abin da ke ba mai mota damar tattaunawa da bakanike da masaniya.

Abin da ba a barin sa a gida

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana buƙatar kowace mota ta kasance da tayar safiya, tukunyar kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. Yana da kyau a ƙara da wayoyin jona batir. Ana samun waɗannan kayayyaki a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, kuma a riƙa duba ranar ƙarewar aikin tukunyar kafin biya.

Inda aikin gida ya tsaya

Gyaran birki, giya, jakar iska ta kariya da ƙwaƙwalwar mota aikin ƙwararru ne. Haka kuma ba a buɗe murfin lagireto alhali injin yana da zafi, domin ruwan da ke ciki kan yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu.