Yadda Ake Jera Ayyuka Wajen Gyaran Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya fi yawa a wurare masu tsananin sanyi, irin su Kanada da arewacin Amurka, inda dole magina su nutsar da harsashin gini har ya wuce zurfin da ƙasa ke daskarewa. Tun da an riga an haƙa, sai a mai da ramin ɗaki. A biranenmu an fi ganinsa a ƙarƙashin rukunin shaguna da ofisoshi da otal-otal, ana ajiye haja ko takardu. Ko'ina yake, ruwa ne babban abokin gabarsa, kuma a kan ruwan ake tsara jerin ayyukan gyara. Wanda ya fara da fenti da tayil zai biya kuɗin aiki sau biyu.

Bincike ake fara yi, kuma lokacinsa tsakiyar damina, wajen watan Agusta, sa'ad da ƙasa ta ƙoshi. Ɗakin da aka duba da bazara kowa zai yabe shi. A nemi farin gari mai kama da kanwa a jikin bango: gishiri ne da ruwa ke bari in ya ratsa siminti ya bushe. Akwai gwaji mai sauƙi. A manna leda mai faɗin inci 18 kowane gefe a kan daɓe, a liƙe bakinta, a bar ta aƙalla sa'o'i 16. In an tarar da laima a ƙarƙashinta, daga ƙasa ruwan ke tasowa. In a samanta ne, iskar ɗakin ce ke da danshi. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Tsagar da ta bi bango a kwance, ko bangon da ya yi ciki, ba aikin birkila ba ne, injiniya ake kira. A wannan mataki kuma ake auna iskar radon, wadda ba ta da wari, tana fitowa daga duwatsu da ƙasa, kuma ita ce ke bin taba sigari wajen haddasa sankarar huhu.

Daga nan sai a fita waje, domin yawancin ruwan daga rufi da tsakar gida yake zuwa. A gyara indararo ya riƙa zuba nesa da bango, a yashe magudana, a duba ko sokawe na yoyo. Ƙa'idar gina gidaje da ake bi a yawancin Amurka ta ce ƙasa ta gangara da inci 6 a cikin ƙafa 10 na farko daga jikin gini. Sai an gama wannan ake komawa ciki a toshe tsaga, a shafa maganin hana ruwa, in da buƙata a yi ƙaramin rami a sa injin tsotse ruwa. Injin nan a haɗa shi da batir, don sau da yawa da hadari ya taso ake ɗauke wuta, lokacin da aka fi buƙatarsa ke nan.

Bayan ruwa sai rushe-rushe da duk abin da ya taɓa ƙarfin gini. Kafin a fasa bango a nemi izinin hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano, kuma kada a taɓa ginshiƙi da shawarar lebura. Yanzu ne ake yanka taga ko ƙofar tsira. Waccan ƙa'ida ta Amurka ta tanadi tsayin ƙafa 7 ga ɗakin zama, da tagar tsira wadda bakinta bai ɗara inci 44 daga daɓe ba.

Sai ayyukan da za a binne. Mai aikin famfo ne ke shiga farko, saboda bututun ƙazanta yana bin gangara, ba ya kauce wa kowa, kuma sau da yawa sai an fasa daɓe. Hanyar iska ta biyo, sannan mai wayarin, tun da waya tana lanƙwasuwa ta bi duk inda aka bar mata. A ɗaga soket sama da yadda aka saba. Kafin a rufe komai a saki ruwa a bututu a ga ko zai ɗiga, a kuma ɗauki hoton bangon da wayar hannu. Nan da shekara biyar babu mai tuna inda bututu ya bi.

Abin da ya rage haƙuri ne. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi, bushewarsa kuwa a ɗakin da iska ba ta ratsawa takan fi haka daɗewa. Bayansa sai filasta, silin, shafen fenti na farko, tayil, ƙofofi da fitilu, sannan shafe na ƙarshe. Kafet da katako ba sa jure wannan wuri, tayil ya fi.

Ɗan kasuwa ya ɗora hajarsa a kan kanta, ya bar rata tsakaninta da bango. Janareto kuwa ba a kunna shi a nan ko na minti ɗaya, domin gubar hayaƙinsa ba ta da launi ko wari, kuma ba ta da mafita.