Kurakuran Daidaita Rassa Tsakanin Git da Subversion

Git da Subversion manhajoji ne da ke adana tarihin duk gyaran da aka yi wa aikin kwamfuta, tare da sunan wanda ya yi shi da lokacin da ya yi. Kamfanin CollabNet ne ya fara Subversion a shekarar 2000, Linus Torvalds kuma ya ƙirƙiro Git a 2005. Idan tsohon aikin ma'aikata yana cikin Subversion alhali ma'aikatanta sun koma Git, akan haɗa su biyun da umarnin git svn.

Yawancin kurakuran da ake samu sun samo asali ne daga bambancin tsari. Subversion ma'ajiya ɗaya gare shi, inda kowane gyara ke samun lamba bi da bi, kuma reshe a wurinsa kwafin babban fayil ne kawai. A Git kuwa kowa na riƙe da cikakken tarihi a kwamfutarsa, rassa suna rabuwa su sake haɗewa. Saboda haka git svn ke rubuta layin git-svn-id a ƙarshen bayanin kowane gyara, domin ya san lambar da ta yi daidai da shi a Subversion.

Kuskuren da aka fi cin karo da shi shi ne saƙon "out of date" yayin tura aiki da git svn dcommit. Ma'anarsa wani ya riga ka taɓa fayil ɗin a ma'ajiya. Maganinsa a fara yin git svn rebase, a warware saɓanin da ya fito, sannan a sake turawa.

Na biyu shi ne "Unable to determine upstream SVN information". Yana fitowa idan reshen ba shi da layin git-svn-id a tarihinsa, ko adireshin ma'ajiyar ya sauya. Sai a duba git log, a kwatanta adireshin da ke cikin layin da wanda ke cikin fayil ɗin .git/config.

Na uku shi ne "Checksum mismatch", wato abin da Git ya adana ya saɓa da na Subversion. Akan koma lambar gyaran da ke da lafiya da git svn reset -r, sannan a sake jawo sauran da git svn fetch.

Akwai kuma haɗarin da ba ya nuna saƙo. Umarnin dcommit yana sauya lambar shaidar kowane gyara, don haka wanda ya ba abokan aiki reshensa kafin ya tura shi zai bar su da tarihi biyu masu karo da juna. Ƙa'idar ita ce a tura wa Subversion tukuna, a riƙe tarihi a miƙe ba tare da haɗe rassa ba, kuma a kwafe ma'ajiyar gaba ɗaya kafin a fara kowane gyara, domin kuskure ɗaya na iya salwantar da aikin makonni.