NELFUND: Yadda Rancen Karatu na Gwamnatin Tarayya Yake

NELFUND asusu ne da Gwamnatin Tarayya ta kafa domin bai wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa. Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan dokarsa a watan Afrilun 2024.

Kuɗin makaranta ba ya bi ta hannun ɗalibi, kai tsaye ake biyan makarantarsa. Abin da ke shiga asusunsa na banki shi ne kuɗin ɗawainiya, Naira 20,000 a wata. Mai nema yana buƙatar lambobinsa na JAMB, NIN da BVN, kuma sai makarantar ta aika da bayanansa tukuna.

Wannan kuɗi bashi ne. Ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi.